Ki Tafi da Jajayen

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma ga shi ina jin motsinki kina ta haɗa kaya. Allah Ya sanya alheri a wannan aiki da kika samu a Jos, Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can.

Za ki yi mamakin abin da ya sa na ɗauki biro alhali kullum muna tare. Laifinki ne. Duk lokacin da na ɗauko maganar nan, kafin in kai tsakiya kin ce, "Baba, don Allah ka bari," kin jawo wata hira, ni kuma kin san ba ni da wuyar yaudara in dai ke ce. Takarda kuwa ba a katse ta. Za ki ga rubutun manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, wani layin ya hau kan wani. Ki yi haƙuri, sai na kawo takardar dab da hancina nake ganin abin da hannuna ke yi.

Tun ranar da aka kira ki aka ce kin samu aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibitin can, zama ya gagare ni. In je gona duba ban ruwa, in dawo ban san abin da na gano ba. In zauna a zaure, in miƙe, in leƙa ɗaki, in fito. Jiya mahaifiyarki ta ce, "Malam, ko ka zauna ko ka fita, wannan safa da marwa ta isa haka, kana sa ni jiri." Ba tafiyarki ce ta hana ni sakat ba, wallahi murna nake yi da ita. Abin da ke ci na shi ne maganar da kika yi cewa za ki bar mini jatan landen nan da muke kiwo a akwatin gilashi dukansu, wai su ne abokan hirata. Ni kuma so nake ki tafi da jajayen gaba ɗaya. Kina wurin lokacin da likita ya ce ciwon suga ya taɓa idanuna, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. In suka zauna a hannuna, jan nan da muka sha wahala kafin mu fitar da shi zai koma launin ƙasa, ko kuma in kashe su da hannuna ban sani ba. Don haka zan gaya miki kurakuran da na tafka a kansu, waɗanda kika sani da waɗanda aka yi kina ƙarama, don kada ki maimaita su a inda ba ni.

Kin taso kin ga akwatin gilashi a ɗakina, ba ki taɓa tambayar yadda aka yi manomin tumatir daga ƙauyen Kura ya tsinci kansa yana kiwon abin da bai kai gaɓar yatsa ba. Lokacin da nake bin motocin tumatir zuwa Legas ne. Wata rana muna jiran a sauke kaya, na gaji da zama, na bi wani layi ina miƙe ƙafa, sai na faɗa shagon masu sayar da kifin ado. Kifayen ba su dame ni ba. A wani ɗan akwati can gefe na ga waɗansu 'yan halittu jajaye kamar nunannen attaruhu, suna tsintar abinci da 'yan hannuwansu ba hutawa. Na tsaya kallo har mai shagon ya zo ya tambaye ni ko lafiya. A cikin kwalba na taho da su, a kan cinyata, tun daga can har gida. Da mahaifiyarki ta leƙa sai ta ce, "Waɗannan ai ko miya ba za su yi ba." Na ce ba na ci ba ne. Ta ce, "To na mene ne?" Na ce na kallo. Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce, "Allah Ya kyauta." A majalisa kuwa an daɗe ana kirana Idi mai ƙwari.

Kuskurena na fari na ruwa ne, kuma sana'ata ce ta jawo mini shi. Mu manoman rani tun muna yara abin da aka cusa mana shi ne ruwa maganin komai. Shuka ta yi yaushi, a ba ta ruwa. Ganye ya canja launi, a buɗe mata ruwa. Wata safiya na shiga ɗaki na tarar da su suna ta zarya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sama da ƙasa, kamar an kore su. Na ce ruwan nan ya lalace. Ranar kuwa an buɗe kanal ɗin ban ruwa, ruwa na gudu sabo fes. Na ɗauki jarka na ciko, na kwashe su a kwano, na zubar da tsohon ruwan tas, na wanke yashi da duwatsu, na dirje gilashin har yana ƙyalli, na juye musu sabo. Na koma gefe ina jin na yi abin kirki. Kafin la'asar sun kwanta a gefe ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne da suka maƙale a cikin ciyawar ruwa, wadda na manta a kwano da ragowar tsohon ruwan.

Da na koma Legas na ba mai shagon labari, da guntun Turancinsa da guntun nawa, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe in mace ta yi saɓa ta shirya ɗaukar ƙwai, mazan ne ke ruɗewa suna nemanta ko'ina. Ya ce biki suke yi, ni kuma na je na sakar musu ambaliya.

To Mamana, tsohon ruwa shi ne gidansu. Koren nan da ke kama gilashi, wanda idonmu ke gani kamar ƙazanta, abincinsu ne. In za ki canja ruwa, ki ɗebe kaɗan ki mayar da kaɗan, a hankali, kada ki kwarara. Ruwan famfo na birni akwai magani a ciki, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin ya shiga wurinsu. Ina nanata wannan ne don kin gado ni a gaggawa. Na sha ganinki kin shiga kicin kin tarar da abu ba yadda kike so ba, kin juye komai kin fara daga farko. A wurin aikin ma za ki tarar da abubuwan da za su yi miki kama da ɓarna. Ki tambayi waɗanda kika tarar kafin ki sa hannu.

Na ajiye biron nan na je na leƙa su na dawo. Injin iska na aiki, ina jin ƙarar kumfa. Ina muka tsaya?

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don darasin na farko ne ya haife shi. Shekarar da tsutsa ta addabi tumatir ce, lokacin da kowa daga nan har Kadawa ya koma goye da injin feshi safe da yamma. Na dawo daga gona na wanke hannu da sabulu, na sake wankewa, don na san magani ba abin wasa ba ne. Na shiga ɗaki na ga wani dutse ya karkace, na zura hannu na gyara shi. Ban lura ba bakin hannun rigata ya tsoma cikin ruwan, rigar da na wuni ina feshi da ita. Ba a jima ba suka fara zarya. Ni kuwa da yake yanzu na zama gwani, sai na gyara zama ina murmushi, na ce wani bikin ne. Har na ƙwala wa mahaifiyarki kira ta zo ta gani. Tana shigowa ta toshe hanci ta ce, "Malam, ai warin magani kake yi, ɗakin nan duk ya ɗauka." Sai a lokacin na dubi hannun rigar na gan shi a jiƙe. Na yi ta kwashe su ina zubawa a ruwan randa, amma mafi yawansu sun riga sun tafi, har da mata masu ɗauke da ƙwai. Ranar ban iya cin tuwo ba, kuma ban ji kunyar kowa ya sani ba.

Ga yadda za ki bambance. In biki ne, mazan kaɗai ke gudu, su ne sirara masu hasken launi, matan kuwa suna ƙasa suna kiwonsu ba ruwansu. In guba ce, kowa gudu yake, babba da yaro, suna neman hawa gilashi su fice daga ruwan, wasu suna juyawa a baya. In kika ga haka, nan ne gaggawarki za ta yi amfani, ki fitar da su zuwa ruwa mai tsabta nan take.

A Jos babu gonar tumatir a bayan tagarki, amma akwai mutane. Duk abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe su, don a wurin magani duk dangi ɗaya ne. Fiya-fiya, maganin fesawa na gwangwani, na kunnawa mai hayaƙi, ko ɗaya kada ya shiga ɗakin. Ki kwana a gidan sauro. Man shafawa da turare ma ki wanke hannunki da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ki taɓa ruwansu, ki naɗe hannun riga. Bokitinsu nasu ne su kaɗai, ko wanki kada a yi a ciki. Abin da ke tayar mini da hankali a nan shi ne kawaicinki. Na san ki. Wata za ta shigo da gwangwanin feshi ta ce bari ta taimaka miki da sauro, ke kuma kunya ta hana ki magana, ki tsaya kina murmushi har ta gama. Ki buɗe baki ki ce a'a tun tana bakin ƙofa. Za ta ce kin cika fi'ili, ta je ta faɗa wa wasu, bayan kwana biyu kowa ya saba.

Akwai wasu ƙananan kurakurai na wauta da na yi waɗanda yanzu dariya suke ba ni. Da farko duk safiya sai in ga farar gawa kwance a kan yashi, in kwashe ina salati, ina cewa annoba ta shigo. Na daɗe ina zaman makoki kafin na lura ba sa raguwa, ƙaruwa ma suke yi. Ashe saɓa ce, rigar da suka tuɓe don ta yi musu kaɗan. Ki bar musu ita a ciki, cinye abarsu suke yi, tana ƙarfafa musu sabuwar. Gawa ta gaske da launinta take kwanciya, ita ce ake cirewa.

Sai abinci. Mu a nan in baƙo ya cinye kwano tas ba saura, kunya ce ga mai gida, alama ce ba a ƙosar da shi ba. Da wannan tunanin na dinga zuba musu, in ga sun cinye in ƙara, har da gutsuren tuwo na taɓa jefa musu don su ma su san suna gidan Bahaushe. Ruwa ya yi fari ya fara tsami, na yi asarar wasu. Yunwa ba ta cika kashe su ba, ƙoshi ne ke kashe su. Ganyen zogale ɗaya da aka tsoma a tafasasshen ruwa ya ishe su, in sun bar saura ki cire. Busasshen ganyen gwaiba kuwa ki bar shi ya nutse ya ruɓe a hankali, 'ya'yan suna son abin da ke tsirowa a kansa. Amma ki san bishiyar da ganyen ya fito. Na kasuwa ban yarda da shi ba, ni manomi ne, na san abin da muke fesa wa ganye kafin ya je kasuwa. Mahaifiyarki ta shanya miki na bishiyar gidan nan, yana cikin leda a kan akwatinki. Kuma kada ki cire soson da ke bakin bututun iska. In mace ta gama fifita ƙwanta na kusan wata guda ta sake su, 'ya'yan ba su fi ƙwayar gero ba, komai na iya zuƙe su.

Yanzu ga babban, wanda ya ci mana shekaru. Da suka yi yawa suka cika akwatin, labari ya bazu, aka fara zuwa kallo. Alhaji Garba dillalin tumatir, abokina tun na ƙuruciya, ya zo da 'ya'yansa, ƙaramar ta ƙi tafiya sai an ba ta. Kin san al'adarmu. In baƙo ya zo gonarka ba ka tsintar masa ƙananan tumatir, manyan kake zaɓa, waɗanda kai ma ka so ka kai gida. Na ɗauki raga na bi waɗanda suka fi kowa ja na zuba musu a kwalba. Bayansa wani malamin makaranta ya zo, sannan wani surukinmu daga Bunkure, sannan waɗanda ma ban san su ba. Kowa na zaɓar masa na gaban goshi, ana ta shi mini albarka, kaina na ƙara girma.

Ban ankara ba sai wata rana na dubi akwatin na ga duk sun koma launin ruwan kanal. Asalinsu ke nan, masu launin ƙasa ne. Jan ba ya tsayawa sai in kowane zubi ana fitar da masu dusashen launi ana barin jajayen su haifi jajaye. Ni kuwa na yi ta yin akasin haka da hannuna, ina fitar da masu kyau ina barin sauran su hayayyafa. Abin haushi, na Alhaji Garba ko mako ba su yi ba, a kan talabijin aka ɗora kwalbar. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ai Malam Idi ƙwarin nan naka ba su da ƙwari, ka ƙaro mana wasu."

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na san wannan tun ina yaro. Kakanki in an yi girbi, kafin a kai komai rumbu sai ya zaɓi zangarniyar dawa mafi kyau ya rataye a ɗakinsa. Ko baƙon wa ya zo, ko wace irin yunwa aka shiga, ba mai taɓa ta, iri ce. Mu kuma da noman rani ya zo muka koma sayen irin tumatir a gwangwani duk shekara, mu shuka, mu sayar da komai, baɗi mu sake saye. Hannuna ya manta yadda ake ajiye iri. Daga wasu mata ƙalilan a cikinsu masu ɗan ja a gadon baya muka sake farawa, lokacin kin shiga sakandare, kika ɗinka mana 'yar raga da guntun gidan sauro. Tun daga nan duk safiyar Juma'a muke zaman tantancewa, masu dusashen launi su tafi tsohon bahon da ke bayan ɗaki, jajaye su zauna a gilashi. Kin fi kowa sanin tsawon lokacin da aka ɗauka kafin su koma yadda suke yau.

Don haka a can in an zo kallo, kuma za a zo, ki yi kyauta, ban ce ki zama marowaciya ba. Amma ki bayar daga matsakaita, kuma sai ga wanda ya riga ya tanadi wurin zuba su. Na gaban goshin ba na kyauta ba ne ko wane ne ya roƙa, ko shugabarki ce a wurin aiki. Ki ce mata sai sun ƙaru. Za ki ce to ni da nake ba ki su duka fa? Ke ba baƙuwa ba ce, wurin rataya kawai nake canja wa irin. Jos ma ta fi nan dacewa da su. Kin ga yadda muke fama duk bazara, muna lulluɓa wa akwatin jiƙaƙƙen buhu, muna addu'a kada batirin sola ya mutu da tsakar rana.

Na sake tashi. Na je na duba robar da za ki zuba su, na shinshina ta, na sa mahaifiyarki ma ta shinshina. Ta ce in na ƙara kawo mata robar nan za ta ɓoye ta. Sabuwa ce, ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Kada ki cika ta, ki bar wa iska wuri. Ki sa guntun ciyawar ruwa a ciki don su sami abin riƙewa, in ba haka ba girgizar mota za ta yi ta buga su. Kada ki ba su abinci ranar da ta gabaci tafiya. Kada ki yarda ɗan kamasho ya karɓa ya jefa a but ɗin mota, a kan cinyarki za ta zauna, a naɗe da jiƙaƙƙen tawul, ta ɓangaren da rana ba ta bugawa. In an tsaya cin abinci bayan dajin Falgore kada ki bar ta a mota a rufe. Ki ɗebi tsohon ruwan nan jarka guda, da yashin, da soson yadda yake da dattinsa, kada ki wanke. In kin isa, ko kin gaji, kada ki juye su kai tsaye. Ki sami robar ƙarin ruwa irin ta asibitinku, sabuwa, ki bar ruwan can ya riƙa ɗiga cikin nasu ɗigo-ɗigo har su saba da shi. Wannan kam ba sai na koya wa ma'aikaciyar asibiti ba. Lokacin sanyi ki janye akwatin da kika zuba su a can daga jikin taga. Na san na faɗi wasu daga cikin waɗannan da baki, to na sake faɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa duk na rubuta sauran.

Juma'ar da ta wuce mun yi tantancewa kamar kullum, ni da raga, ke riƙe da kwano. Duk wanda na ɗago sai ki ce, "Daidai ne, Baba." Muka gama na kai su baho na juye, na yi wanka na fita masallaci. Na kai bakin titi na tuna na bar carbina, na dawo. Ban same ki a ɗaki ba. Na zagaya baya sai na hango ki tsugune a gaban bahon da 'yar ragar, kina tsamo su ɗaya-ɗaya kina mayarwa cikin kwano. Na tsaya a jikin bango ban yi motsi ba. Sannan na juya na tafi masallacin ba carbin.

Da na dawo na tambayi mahaifiyarki. Ta ci gaba da tankaɗe, na sake tambaya. Ta ce, "Tun bara take yi. Ta ce kada in gaya maka." Ashe shekara guda ke nan ina kwashe mafi kyawun jajayenmu ina zubarwa a baho, ke kina bin bayana kina mayar da su, sannan ki zo ki zauna kusa da ni muna yaba yadda irin ya tsaya.

Ban ji haushinki ba, Mamana. Na ji kunya, wannan gaskiya ne, har na kasa haɗa ido da ke a wurin cin abinci. Na kuma ji wani irin daɗi da ban san yadda zan rubuta shi ba, na yi ta shi miki albarka a zuci har na kai sahu. Amma tun ranar tsoro ya kama ni, shi ne ya ƙara hana ni zama. In kin tafi ba mai bin bayana. Mahaifiyarki ta ce ita ko mace da namiji ba ta bambancewa a cikinsu, kuma hannunta kullum cikin sabulu da omo yake. Juma'a za ta zo, ni kuma na san kaina, ba zan iya zama in ga ragar a rataye ban ɗauka ba. Zan zauna in tantance da zuciya ɗaya, in kwashi aikinmu na shekaru in kai baho inda kaji ke shan ruwa.

Don haka ki kwashe jajayen, ke da idonki, har 'ya'yan da ke ɓuya a cikin ciyawa. In kin gama ki ɗebo na bahon ki zuba mini a gilashin. Sun fi juriya, ba sa buƙatar a tantance su, kuma har yanzu ina ganin motsi, ina jin ƙarar kumfa, hira ba za ta yanke ba. Na san abin da zuciyarki za ta raya miki, ki ɓoye mini mace ɗaya mai kyau a ciki don tausayi. Kada ki yi. Ba zan gan ta ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da mace ta farko ta ɗauki ƙwai a ɗakinki na Jos, kada ki turo hoto. Ki kira ni a waya ki gaya mini da bakinki yadda janta yake, ki faɗa mini gaskiya ko da ya dusashe.

Allah Ya kai ki lafiya, ke da abin da ke kan cinyarki. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa ki gama da iyayenki lafiya, Ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba dalili, ita ba za ta ce tana kewa ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Idrisu